Zanzaron Cikin Bagaruwa

Shekarar da aka yi wa maigidana canjin aiki zuwa Gumel, fari bai daɗe da sakin mutane ba. Lokacin duk ƙasar tana cikin Jihar Kano. Shi malamin gona ne, ni kuwa ɗinkin hula nake yi a gida, sana'ar da na koya wurin kakata tun ina firamare. Aka ba mu gida mai ɗaki biyu da zaure, da darbejiya guda a tsakar gida. Malam nake kiransa, kamar yadda kowa yake kiransa.

Aikinsa yawo ne a kan babur ɗin ofis. Ranar Alhamis yana Maigatari saboda kasuwa, wata rana Gagarawa, wata rana Sule Tankarkar har ya zarce Ɗanzomo. A shekarun nan cuta ta kama gyaɗa, mutane da yawa suka koma wa wake. Amma wake ba ya ajiyuwa. In ya yi wata uku a rumbu ko a buhu sai ka tarar duk ƙwari sun huje shi, in ka ɗebo sai gari ya riƙa zuba ta tsakanin yatsunka.

Wata rana Malam ya dawo da takarda daga wata cibiyar binciken aikin gona. An umarci malaman gona su riƙa ɗebo wake daga kasuwanni da rumbuna, su zuba a kwalabe, su rufe baki da ƙyalle, su jira su ga abin da zai fito. Ba ƙwaron waken ake nema ba, shi kowa ya san shi. Waɗansu ƙananan halittu ake nema masu fitowa tare da shi.

Ofishinsu ɗaki ɗaya ne, su uku a ciki, don haka kwalaben suka tare a gidana. Ya kafa katako a jikin bangon ɗakin da nake ɗinki ya jera su. Ya ƙarar da kwalaben ofis, ya koma kan nawa: ta zuma, ta man shafawa, har wadda nake ajiye maɓallai. Ran da na ga ya sa almakashi a wani farin ƙyallena da na tanada don shafin hula, ban yi shiru ba.

Na ce, “Malam, wai me ake yi da ƙwari ne har ake yanka mini yadi?”

Ya ɗauko kwalba ɗaya ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake. “Dubi jikin ƙyallen nan daga ciki. Me kika gani?”

“Ƙwaron wake.”

“Ban da shi.”

Na ƙura ido. Sai na ga waɗansu ɗigo-ɗigo baƙaƙe suna kai da kawowa, kowanne bai kai ƙwayar riɗi ba.

Ya ce, “Kin san zanzaro?”

“Mai gini a bayan ƙyaure?”

“Shi. Kin san yakan kamo tsutsa ya sa a ɗakinsa, ya yi ƙwai a jikinta, ɗansa ya ƙyanƙyashe ya cinye ta. To waɗannan danginsa ne, sai dai su ba sa gini. Macen takan huda wake, ta sami tsutsar ƙwaron da ke ciki, ta sa mata ƙwai. Duk ɗaya da kika gani a nan, ƙwaron wake ɗaya ya mutu kafin ya fito.”

Na sake dubawa. Daga ranar na daina yi musu kallon datti, amma ƙyallena na ce ya saya mini wani, kuma ya saya.

Cibiyar ta aiko masa da kayan aiki: dogayen fil baƙaƙe, farin kati, kwalbar sifirit, gilashin ƙara girman abu mai ninkewa kamar wuƙar aljihu, da akwatin katako mai taushin ciki inda ake soka fil. Yadda ake yi shi ne, a kashe zanzaron a cikin sifirit, a yanka kati ɗan ƙarami mai tsini, a ɗiga gam a tsinin, a liƙa shi ta gefen ƙirji, a soke katin da fil. A ƙarƙashi a soka wata 'yar takarda mai sunan gari da kwanan wata da abin da ya fito daga ciki.

Malam mutum ne mai manyan hannuwa. Ya iya kwance injin babur ya mayar, amma wannan aikin ya fi ƙarfinsa. Ina zaune gefe da allurata ina satar kallonsa. Sai ya ɗiga gam ya yi yawa, zanzaron ya nutse ciki. Wani ya maƙale masa a farce. Wani ya yi atishawa ya neme shi ya rasa. Da ƙyar ya cika layi uku ya kai gidan waya.

Bayan wata guda amsa ta zo. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce ba ya jin yunwa. Sai washegari ya gaya mini abin da ke ciki. An gode masa, amma an ce ba a iya gane ko ɗaya ba, domin gam ya rufe fukafukai da ƙahoni, wato 'yan siraran gashin nan biyu na goshi, kuma da su ake bambanta iri da iri.

Na ce, “Ba ni in gwada.”

Ya ce, “Wannan aikin gwamnati ne.”

“Gwamnati ta ce sai da hannunka?”

Ya yi dariyar da bai shirya ba, ya turo mini akwatin.

Ban yi fargaba ba, domin na san hannuna. Wadda take ƙirga zaren yadi ɗaya-ɗaya tana soka allura, ƙwaro ba zai gagare ta ba. Abin da na fara yi shi ne na ajiye gam ɗin ofis. Na ce ya sayo mini ƙaro mai haske a Maigatari. Na daka kaɗan na jiƙa, na tace da ƙyalle, na yi ta ƙara ruwa har ya zama in ka taɓa shi da tsinin allura sai ɗigo ɗaya tak ya biyo. Katin kuwa na daina yanka shi da almakashi, na koma reza a kan marfin samira. Sai abin juya zanzaron. Allura takan karya ƙafa, tsinken tsintsiya ya yi kauri. A ƙarshe na tsinke gashi ɗaya daga wutsiyar akuyar maƙwabta, na ɗaure shi a bakin tsinke. Da shi nake ɗaga fiffike, in miƙe ƙaho, in jera ƙafafu.

Da hantsi nake aikin, bayan na gama shara da wanke-wanke, lokacin da haske yake faɗowa daidai bakin ƙofa kuma iska ba ta tashi ba. Nakan rufe hancina da gefen mayafi, don numfashi kaɗai yana iya kwashe aikin awa guda. Ranar farko huɗu na yi. Malam ya dawo ya ɗora gilashi a kansu, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, “Takardun ma ke za ki riƙa rubutawa. Rubutunki ya fi ƙanana.”

Haka na shiga aikin. In ya dawo daga yawo sai ya sauke ƙullin wake, ya gaya mini inda aka samo kowanne, ni in zuba a kwalba in rubuta. Da zafin bazara ya kankama, kwalaben suka yi ta haihuwa. Na saba da su har na san halinsu tun suna da rai. Akwai gajeru masu ƙiba, su suka fi yawa, masu son hawa ƙyalle. Akwai waɗansu sirara da ba sa tashi sai tsalle, in sun mutu kuma sai su lanƙwashe baya, su suka fi ba ni wahala a kan kati. Malam yana da takarda mai zanen duka biyun, da sunayensu na Turawa masu wuyar faɗi.

Sai wata kwalba ta fitar da abin da ban san shi ba. Waken ya fito ne daga wata ruga ta Fulani manoma a yankin Sule Tankarkar. Da na ɗora ta farko a kati sai na ga cikinta ya zarce fukafukai, ya yi tsini. Na sa gilashi. A tsakiyar fiffike akwai wani duhu-duhu kamar inda hayaƙi ya taɓa bango, ƙarshen ƙafafun kuma fari-fari. Cikin kwana goma na sami bakwai irinsu, duk daga kwalbar nan.

Na nuna wa Malam. Ya duba ya ce, “Masu ƙibar nan ne. Wataƙila sun rame.”

“Rama tana sa wa fiffike tabo?”

“Sifirit ne ya ɓata su.”

“Sifirit ɗaya na sa wa kowa.”

Ya buɗe takardarsa ya nuna mini da yatsa. “Iri biyu aka zana. Mutanen da suka yi wannan sun yi shekaru suna karatun ƙwari.”

Na ce, “Ban ce ba su yi karatu ba. Na ce wannan ba ya cikin takardarsu.”

Ya rufe takardarsa. Amma da na zo shirya akwati sai na ware su bakwai ɗin a layinsu daban, na bar fili tsakaninsu da sauran. A takardar kowanne na rubuta abin da muka sani a lokacin: Sule Tankarkar, daga wake.

Wannan karon ba wasiƙa aka aiko ba, mutum ne ya zo. Ana gab da faɗuwar damina wata mota ta tsaya a ƙofar gida da rana tsaka. Malam ya shigo da sauri ya ce baƙo ne daga cibiya, babban masanin ƙwari, kowa Dakta yake ce masa. Mutumin Kudu ne, ya daɗe a Arewa, yana jin Hausa ko da yake harshensa bai karye ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, na dama fura na miƙa wa Malam ta bakin ƙofa, na tsaya daga ciki inda nake jin su.

Bayan gaisuwa na ji an buɗe akwati. Dakta ya ce, “Malam, akwatinka na farko da na biyu ba hannu ɗaya ya yi su ba.”

Na san nauyin maganar, domin a ofis kowa ya ɗauka aikinsa ne, har an yaba masa. Sai na ji Malam ya ce, “Gaskiya ne. Na farko ni ne. Na biyu mai ɗakina ce.”

“Kuma wa ya ware layin nan?”

“Ita ce. Ni na ce mata duk ɗaya ne.”

Na daɗe da sanin mijina mai gaskiya ne, amma ranar na ji shi da kunnena a inda gaskiyar take rage masa girma.

Dakta ya nemi izinin yi mini magana. Malam ya leƙo ya ce in matso. Na yafa mayafi na zauna daga bayan ƙyaure muka gaisa.

Ya ce, “Madam, me kika gani da kika raba su?”

Na lissafa masa: tsinin ciki, duhun fiffike, farin ƙafa. Na ƙara da cewa ƙahonsu ya fi na sauran kauri a ƙarshe.

Ya ce, “Da wannan ɗan gilashin kika ga ƙaho?”

Na ce, “In haske ya yi daidai ana gani.”

Ya ce shi ma abin da ya gani ke nan a madubin likita, na'urar nan mai ƙara girman abu, kuma ya duba littattafansa bai sami mai kama da su ba sai guda ɗaya, wanda aka ba suna tun kafin a haife shi. Amma bayanin da ke littafin layi uku ne, ba zane, ba zai iya yanke hukunci da shi ba.

Malam ya ce, “To yaya ake yi?”

Sai ya yi mana bayanin da har yau nake tunawa. Ya ce duk wani ƙwaro da aka taɓa ba suna, akwai guda ɗaya tak da aka zaɓa ranar da aka ba shi sunan. Ana soka masa jan kati a ƙarƙashi, a ajiye shi a gidan adana ƙwari. Sunan nasa ne shi kaɗai. Duk wanda aka kama daga baya, a ko'ina a duniya, sai an kai shi an gwada da mai jan katin nan. In sun yi daidai ya ci sunan, in sun saɓa ba shi ba ne. Ya ce wanda yake zargin nan yana wani gidan adana ƙwari a Turai, cikin aljihun kabad, shekara da shekaru.

Na ce, “Matacce guda ɗaya?”

“Guda ɗaya.”

“In ya karye fa?”

Ya ce, “Shi ya sa ba a ba kowa ya taɓa. Shi ya sa kuma ake son mai hannu irin naki.”

Ya ce zai aika biyu daga cikin bakwai ɗin can a gwada. Amma duka mata ne, yana bukatar maza, kuma yana bukatar su da yawa. Ya ƙara da cewa in ya tabbata sabon iri ne mai kashe ƙwaron wake, to labari ne babba ga manoma. Ya bar mini kwalin fil guda da sabon gilashi wanda ya fi namu ƙarfi, ya tafi.

Malam ya shiga aikin da ƙarfinsa. Ya rubuta rahoto ya ce an sami sabon maƙiyin ƙwaron wake a yankinsa. Ya yi ta kwaso wake daga Sule Tankarkar da Ɗanzomo da ƙauyukan da ke kewaye, har katako na biyu ya cika. Muka jira. Masu ƙiba suka fito, masu tsalle suka fito. Mai tabon fiffike ko ɗaya. Tsohuwar kwalbar ma ta daina.

Sati shida muna haka. Abin ya dame ni, domin ban ga dalilin da zai sa abu ya fito sau bakwai daga wake guda ya ƙi fitowa daga buhu ba. Wata safiya na sauko da tsohuwar kwalbar na juye ta a faifai, na zauna ina tsince waken ɗaya-ɗaya kamar zan dafa. A can ƙasa, cikin garin da ƙwari suka bari, na ga waɗansu ƙwayoyi baƙaƙe masu faɗi, masu santsi. Ba mace da za ta kasa gane su: 'ya'yan bagaruwa ne. Na tsince su, sun kai goma sha wani abu. Na sa gilashi. Waɗansu suna da babban huji irin na ƙwaro. Waɗansu kuwa hujinsu ɗan mitsitsi ne, zagayayye kamar an soka allura. Na ƙirga masu ƙaramin hujin. Bakwai.

Da Malam ya dawo na bari ya ci abinci, sannan na ajiye masa faifan a gaba.

Ya duba ya duba. Ya ce, “Wataƙila dacewa ce.”

Na ce, “Wataƙila. Kawo mini bagaruwa mu gani.”

“Kin san na riga na aika rahoto?”

“Na sani. Ni ma da hannuna na rubuta daga wake sau bakwai.”

Ya tashi ya fita. Amma ranar kasuwar Sule Tankarkar ya zarce har rugar. Ya dawo ya ba ni labari. Tsohuwar da ta ba shi waken ta yi mamakin tambayar. Ta ce ai a ƙwaryar da ta auna masa waken nan take ajiye bagaruwa, tana jiƙa ta don ciwon baki na yara, mijinta kuma yana tara wa majema. Ta kai shi gindin bishiyar a bakin wani tafki. Ya ce tana ta yi masa dariya, tana gaya wa matan gidan da Fulatanci cewa malamin gwamnati ya zo neman ƙwarin bagaruwa. Ta cika masa jaka, wanda ya bushe a sama da wanda ya faɗo ƙasa, ta ce in bai isa ba ya dawo.

Na wanke kwalabe shida da ruwan zafi na shanya su, don kada a ce wani abu ya saura a ciki. Uku na zuba bagaruwa zalla. Uku na zuba waken rugar nan da na tsince da kaina har na tabbata ba baƙon abu. Na jera su a wuri ɗaya.

Kwana goma sha ɗaya ba komai sai wani ƙwaro mai kama da na wake, amma ya fi shi girma, daga bagaruwar. A rana ta goma sha biyu da hantsi na ɗaga kwalba zuwa haske na ga mai tabon fiffiken nan tana tafiya a jikin ƙyalle, da tsinin cikinta. Ban jira Malam ya dawo ba na fara aiki. Kafin wata ya ƙare na liƙa fiye da talatin, har da waɗansu ƙanana masu gajeren ciki da dogon ƙaho mai gashi, masu tabo iri ɗaya a fiffike. Na san su ne mazan. Daga kwalaben wake kuwa ko ɗaya bai fito ba.

Malam bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya riga ya gaya wa manoma a Ɗanzomo cewa akwai magani tafe. Yanzu ya tabbata abin da muka samu ba ruwansa da wake, ƙwaron bagaruwa yake ci, wanda ba mai kuka da shi.

Ya ce, “Duk wahalar nan a kan abin da ba zai cika wa kowa rumbu ba.”

Na ce, “Ba zai cika ba. Amma in sabon iri ne, aka sa wa mai jan katinsa takardar ƙarya, duk wanda ya zo bayanmu zai yi ta neman sa a wake kamar yadda muka yi sati shida.”

Ya zauna ya rubuta wasiƙa biyu, ɗaya ga Dakta ɗaya ga shugabansa. Ya karanta mini ta shugaban da Hausa. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce rahotonsa na farko kuskure ne, ga yadda aka gane. Ni kuma na rubuta sababbin takardu bakwai na sa a ambulan don a canja na farko. Dakta ya amsa da sauri. Ya ce ba a cire tsohuwar takarda daga jikin fil ko da kuskure ce, sai dai a soka sabuwar a ƙarƙashinta, don na baya su ga abin da aka fara zato da abin da aka gyara. Wannan ya ɗan sosa mini rai. Na so a ce kuskuren ya ɓace.

Daga nan sai shiru mai tsawo. Na haifi 'yata ta fari, aikin wake ya ƙare, aka sauke katako ɗaya aka bar ɗaya. Na ci gaba da liƙa abin da Dakta ya roƙa lokaci-lokaci, daga tsamiya da gawo da kalgo. Sai bayan kusan shekara biyu wasiƙar ta zo. An gwada namu da mai jan katin Turai, sun saɓa a ƙaho da jijiyar fiffike. Namu sabon iri ne, ba wanda ya taɓa ba shi suna. Dakta da wani masani a can suka rubuta bayaninsa, suka ba shi suna daga sunan bagaruwa a harshen masana. Mace ɗaya daga cikin waɗanda na liƙa aka zaɓa aka soka mata jan kati, ta zauna a Turai. Sauran aka raba, waɗansu can, waɗansu a cibiya.

Tare da wasiƙar akwai 'yan shafuffuka da aka buga da Turanci. Malam ya bi da yatsa har inda aka rubuta wanda ya samo. Sunansa ne. A ƙarshe an yi godiya ga matarsa, ba suna. Ya ce ya rubuta wa Dakta tun farko a sa nawa, aka ce ƙa'ida ce a sa sunan ma'aikaci. Ba zan ɓoye ba, na yini da ɗacin abin. Washegari ya wuce mini. Na san abin da na yi, Malam ya sani, Dakta ya sani.

Shekarar da za mu bar Gumel, aka kira Malam kwas a cibiyar, ya tafi da ni don in ga 'yar'uwata da ke aure a garin. Wata rana da la'asar Dakta ya aiko mota. Aka shigar da mu wani dogon ɗaki mai sanyi, yana warin kafur, kabad-kabad tun daga ƙasa har sama. Ya jawo aljihu ɗaya mai murfin gilashi, sai ga rubutuna layi-layi. Ya zaro fil ɗaya ya ɗora a ƙarƙashin madubin likita, ya gyara haske, ya ce in zauna.

Na sa ido. Da farko duhu, sai ya murɗa wani abu. Abin da na yi shekaru ina ce wa baƙi ashe kore ne mai sheƙi, yana komawa ruwan tagulla in an juya shi. Bayanta duk zane ne ƙanana-ƙanana kamar saƙar zuma. Fiffiken yana da gashi a jere a bakinsa. Idanunta jajaye. Na daɗe a wurin har 'yata ta fara kuka a hannun babanta.

Sai na ga wani abu. Ƙafar baya ta hagu ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin ciki, ƙaro ya kama ta.

Na ce, “Dakta, wannan ƙafar ban miƙe ta ba. In ka ba ni ɗigon ruwa da gashi ɗaya zan gyara ta yanzu.”

Ya yi dariya har da riƙe tebur. Ya ce, “Madam, waɗannan suna cikin waɗanda aka rubuta bayanin da su. Yanzu ba mai taɓa su, ko ke, ko ni.”

Na ce, “Ta Turai fa, ƙafafunta lafiya?”

Ya ce, “Shida cif. Don haka aka zaɓe ta.”

Ya mayar da fil ɗin ya rufe aljihun. Muka yi sallama, direba ya mayar da mu gidan 'yar'uwata, muka tarar ta sauke tuwo tana jiranmu.